Amsar Ƙwarya

Shafi na 14

Inda muka tsaya: an sake buɗe iyaka, 'yan wasan kwaikwayo daga ƙasar Daura sun iso Damagaram don su haɗa wasa guda da ƙungiyar Mushe Mahamud (Mushe, wato Malam a bakin mutanen Nijar). An tsayar da rana, Asabar. An tsayar da wuri, unguwar Kara-Kara, inda tun zamanin da ake kai kutare a ajiye. Kowa ya tafa. Lubabatu mai kiɗan ƙwarya ce kaɗai ba ta tafa ba, don a can ubanta yake zaune, kuma babu wanda ya sani.

*

Kuran ya ɗauke tun kafin azahar. Fankar zauren gwaji ta yi ta jan jiki har ta tsaya, aka kwashe tabarmi aka koma gindin darbejiya.

Aka kawo dambu da zogale a tire biyu, na maza da na mata. Dokar Mushe Mahamud ce a cakuɗa a kowane tire: ba Damagaram a gefe, ba Daura a gefe. A cewarsa, wasan da zai ƙare da mutanen ƙasa biyu suna ci a akushi ɗaya, bai kamata masu yin sa su fara da raba kwano ba.

Munira, tauraruwar ƙungiyar, 'yar Birni, ta dubi baƙuwa Hadiza da ke fifita da gefen mayafi.

"Sha zafi, 'yar Najeriya. Ku da kuka ɗauke mana kuran wata da watanni. Alhaki ne."

"Wane kuran kuma?"

"Wuta mana, baƙauya. Lantarki."

"Ayya, wuta. To mu ma a can ba mu gan ta ba, 'yar'uwa. Wutar nan ba ta Nijar, ba ta Najeriya, tana can wani wuri tana hutawa."

Aka yi dariya har tiren maza.

Lubabatu tana jikin bango, inda inuwar ta ƙare. Ƙaramin kwanonta mai murfi yana kan cinyarta, ƙwaryar kiɗanta a kife a gefe.

Hadiza ta ɗago. "Luba, haba. Matso mana."

"Ƙyale ta," in ji Munira. "Gyambon ciki gare ta, barkono ba ya zama. Tun da na san ta ban taɓa ganin hannunta a tire ba."

Lubabatu ta yi murmushi, irin wanda ta saba. Cikinta lafiya lau. Ta dai san ranar da asiri zai tonu, abin da kowa zai fara tunawa shi ne ko hannunta ya taɓa shiga kwanonsa. Ta fi so duk wanda ya duba ya tarar babu.

"Bayan la'asar," Mushe Mahamud ya ce daga tiren maza, "duk za mu je Kara-Kara mu ga filin da mai unguwa ya ba mu."

"Ni dai da gorar ruwana zan tafi," in ji Munira. "Da kofina."

"Munira, ke ce fa za ki fito a 'yar kuturu a wasan nan."

"Fitowa daban, shan ruwa daban, Mushe."

"An daɗe da samun magani. Wanda ya sha ya warke ba ya sa wa kowa. Likitoci sun faɗa, sun sake faɗa."

"Na ji. Likitan ya je ya sha."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Lubabatu ta mayar da murfin kwanonta. Loma biyu ta yi.

Alkasum mai gurmi shi ne dattijon baƙin, dogo, busasshe, ba ya yawan magana. Shi ya fara tsame hannu. Ya wanke, ya koma jikin bishiya, ya ɗora gurminsa a gwiwa yana gyara tsirkiya. Ba kiɗan wasan ya ɗauko ba. Wani abu ne daban, a hankali, kamar mai magana da kansa.

Gurmin ya yi gudu, ya yi gudu, sai ya tsaya cak a inda kunne bai zata ba. Ya bar gurbi.

Dum. Dum.

Lubabatu ta dubi hannunta a kan ƙwarya. Ba ta aike shi ba.

Alkasum bai ɗago kai ba. Ya ci gaba. Kiɗan ya hau, ya karkace, ya yi kamar zai tsaya bai tsaya ba, ya wuce, sannan ya yanke a wani wurin daban.

Dum. Dum.

Wannan karon ya ɗago.

Ya ajiye gurmin a kan tabarma, ya miƙe, ya tako har inda take. Hira ta mutu a tire biyun.

"'Yata, wa ya koya miki wannan?"

"Wanne, Baba?"

"Wanda kika amsa."

"Ban sani ba. Wataƙila a rediyo na ji."

"Bai taɓa shiga rediyo ba." Bai ɗaga murya ba. "Ba a yi wa basarake shi, ba a yi wa ango. Taken gidanmu ne. In mun rabu a kasuwa ko a taron biki, mai gurmi ya buga ya bar gurbi, mai ƙwarya ya amsa daga inda yake. Da shi muke samun juna."

"To, ta yi dace ke nan," in ji Munira.

"Sau ɗaya dace ne."

Mushe Mahamud ya riga ya taso, hannunsa duk mai, fuskarsa a washe.

"Kun gani? Kun ga abin da nake gaya muku? Kiɗa ya tsallako iyaka, ba duwan ko kwastan ɗin da ya tsayar da shi! Malam Alkasum, wannan dole ya shiga wasan. Da shi za mu buɗe fili ran Asabar. Luba, sake bugawa mu ji."

"Cikina ya tashi, Mushe. Gida zan tafi."

Ta ɗauki kwanonta ta zaga bayan zaure, inda randa take.

Ta san kiɗan tun ba ta san sunanta ba. Amma ba ta taɓa jin sa a gurmi ba sai yau. Da baki ubanta yake yin sa, yana zaune da ita tsakanin ƙafafunsa, ƙwarya a kife a gabansu. Ya rera, ya rera, ya yi shiru, sannan ya sauke hannuwansa biyu a kan ƙwaryar. Ita kuma ta naɗe 'yan yatsunta don hannunta ya yi kama da nasa, ta sauke. Haka ta tashi tana bugawa. A ƙungiya suna ce masa salon Luba. Sun ce ƙwaryarta tana da nauyin da ta kowa ba ta da shi.

Ta ji takun takalmi a bayanta.

"Ba ni ruwa, 'yata."

Ta ɗebo a moɗa ta miƙa masa da hannu biyu. Ba ta saki ba sai da tafukansa duka suka rufe a jikin moɗar, ta ɗan tallafi gindinta, sannan ta janye.

Ya dubi moɗar. Ya dube ta.

"Haka kike miƙa masa."

Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

"Nuna mini hannunki."

Ta buɗe. Yatsu goma, lafiyayyu, da sauran lalle a farce.

Ya ajiye moɗar, ya kai hannu kan murfin randa. Yatsunsa huɗu suka zubo a jere, da sauri, kamar tsakuwa a kan kwano.

"Haka kakanmu ya bar amsar. Da yatsu. Ke kin buga a daidai wurin, ba ki yi gaba ba, ba ki yi baya ba. Amma da gindin hannu kika buga, yatsunki a naɗe kamar mai ɓoye goro. Kina da yatsu. Wanda ya koya miki ne ba shi da su."

"Baba, mutane suna jiran ka."

"Su jira. Mu biyu muka rage a duniya masu sanin amsar nan, ni da yayana Idirisu. Ni ban koya wa kowa ba. 'Ya'yana sun ce gurmi ba ya kai mutum ko'ina, suna Kano suna gyaran waya. Shekara kusan arba'in ina bugawa ina barin gurbin a buɗe. Yau aka cike shi."

"Ban san wani Idirisu ba."

Ba ƙarya ta yi ba. A Kara-Kara Dodo ake kiran ubanta, har uwarta ta rasu da haka take kiran sa. Daga ina ya zo, bai taɓa faɗa ba. In ta tambaya sai ya nuna kudu da haɓa ya ce, can.

"Da ya bar gida ciwon ya fara cin yatsunsa," Alkasum ya ce. "Muka wayi gari ba shi. Aka nema har Katsina. Ba wanda ya yi tunanin arewa." Ya goge baki da bayan hannu. "Ban tambaye ki 'yar wa ce ke ba. Ba zan tambaye ki a gaban mutane ba. Abu ɗaya nake so. Yana da rai?"

Iska ta kaɗo busasshen ganye cikin randar. Ta sa hannu ta tsame shi.

"In ba shi da rai, nuna mini kabarin. In yi masa addu'a in koma inda na fito."

"Ka gama da ruwan, Baba? In rufe."

Ta rufe randar ta wuce ta gefensa. Ba ta koma gindin darbejiya ba. Ƙwaryarta ma a can ta bar ta.

*

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta daga babur a bakin titi, nesa da unguwar, inda ta saba sauka. Ta tsaya tana gyara mayafi har ya juya ya ɓace, sannan ta shiga tsakanin duwatsu da ƙafa.

A ƙungiya an san ta da Luba ta Sabon Gari, marainiya daga wajen Takieta, mai haya a ɗaki ɗaya. Ba ta kai kowa gida, ba ta zuwa gidan kowa sai gaisuwar mutuwa. Nan kuwa tun daga lungun farko aka fara.

"Luba 'yar Dodo! Yau a gari?"

Ta amsa gaisuwa ba ta tsaya ba.

Gidan ɗaki ɗaya ne da rumfa, an kewaye da zana, ƙofar langa-langa. Dodo yana ƙarƙashin rumfar, rediyo a kusa da kunnensa, hannuwansa a kan gwiwa. Dungu biyu, sumul, fatar ta yi ƙanta. Ciwon ya daɗe da barin sa. Abin da ya ɗauka ne bai mayar ba.

"Yau ba Juma'a ba ce," ya ce.

"Na sani, Baba."

"An kore ki?"

"Tukuna."

Ta ɗauko kwanonsa, tsohon kwano shuɗi da fentin bakinsa ya ɓare, ta juye masa shinkafa da waken da ba ta ci ba. Ta ɗaura masa cokali a hannun dama da igiyar fatarsa. Ya yi bisimilla ya fara ci.

Ta zauna a bakin tabarma. Ta rera kiɗan da baki, a hankali, ta yi shiru a wurin gurbin.

Cokalin ya tsaya a hanya.

"Me ya tuno miki da wannan?"

"Yau na ji shi a gurmi."

Ya sauke cokalin cikin kwano.

"Wa?"

"Wani dattijo cikin baƙin Daura. Alkasum."

Rediyon yana ta bayanin farashin hatsi. Dodo ya kai dungunsa ya danne maɓallin.

"Kin amsa."

"Hannuna ya amsa."

"Ya gane?"

"Ya ce wanda ya koya mini ba shi da yatsu. Ya ce sunan yayansa Idirisu." Ta dube shi. "Baba, sunanka ke nan?"

Ya juya fuska wajen zana.

"Ya tsufa?"

"Gemunsa fari fat."

"Ɗan ƙaramin nan." Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Ni na koya masa riƙon ƙwarya. Yatsunsa ba su kai ba, sai na ɗora nawa a kan nasa."

"Ya ce sun neme ka har Katsina."

"Sun nema a inda suka san ba za su samu ba."

Ya nuna kwanon da haɓa.

"Kin taɓa tambaya ta me ya sa ba na yarda a sake mini kwano. Kin sayo sabo na ba makwabta. To ga shi. Mu bakwai muke ci a akushi ɗaya a zauren tsohonmu. Da tabon ya fito, aka yi shawara a bayana. Aka gina mini bukka a ƙarshen gona. Aka je kasuwa aka sayo wannan, don kada ya ɓace cikin kwanukan gida. Ban ce komai ba. Haka ake yi, kowa ya sani."

"To me ya kore ka?"

"Alkasum aka ba ya kawo mini tuwo a ciki. Na ji takunsa na yi murna, na ce ko ba komai zai zauna daga nesa mu yi hira. Ya tsaya a bakin bukka. Ya ajiye kwanon a ƙasa." Dodo ya miƙa ƙafarsa ta dama, ya ɗan tura iska da ita. "Da ƙafa ya turo mini."

"Yaro ne a lokacin, Baba."

"Yaro ne. Ban ce babba ba ne. Na cinye tuwon, na wanke kwanon, na sa shi a buhu. Gurmin na bar musu."

"Gurmin yana hannunsa. Ya sha ɗinki."

Ya kau da kai.

"Ki koma ki ce masa na mutu."

"Kabari ya ce in nuna masa."

"Ga su nan birjik a bayan unguwa, ba suna. Zaɓar masa mai kyau."

"Ran Asabar fa? A filin nan za a yi wasan. Daga bakin lungu zuwa nan mutum nawa suka kira ni 'yar Dodo?"

"Na riga na yi magana da mai unguwa. Ba wanda zai kira ki. Ba wanda zai gaishe ki." Ya faɗa kamar mai ba da labarin ruwan sama. "Mutanen nan sun iya rashin sanin nasu in ya fita. Ba ke ce ta farko ba. Akwai wanda ɗansa ke zuwa da motar ofis yana raba gidan sauro, uwarsa tana cikin layi tana ce masa na gode, Mushe."

"Kai fa? Za ka zo kallo?"

"Zan zauna a nan. Ana jin ƙwarya daga nan."

Lubabatu ta dubi tafin hannunta.

"Baba, na gaji."

"Da me? Kina da aiki. Ana jin ki a rediyo. Na fitar da ke daga unguwar nan don ki zauna cikin mutane, ki ci da mutane, ba wanda zai janye kwanonsa. Me ya rage?"

"Ban taɓa ci da su ba."

Ya juyo gaba ɗaya.

"Me kika ce?"

"Ko sau ɗaya. Na ce musu ina da gyambon ciki. Ina da kwanona, mai murfi. Su suna tire, ni ina jikin bango."

"Duk shekarun nan?"

"Duk."

"Wa ya ware ki?"

"Ba kowa. Ni na ware kaina, kafin a ware ni."

Dodo ya dubi kwanonta da ke gefen tabarma, ya dubi nasa. Daga masallacin unguwa aka yi sallamar la'asar, ba wanda ya tashi a cikinsu.

Sai ga sautin.

Daga nesa ne, wajen filin. Da farko ta ɗauka kunnenta ne. Gurmi, yana gudu, yana gudu. Ya tsaya.

Shiru.

Ya sake ɗauka daga farko. Wannan karon ya fi kusa, da hayaniyar yara a bayansa.

Lubabatu ta miƙe ta leƙa ta ramin zana. Can ƙarshen lungu, Alkasum ne, gurmi a ƙirji. Yana tafe a hankali. In ya zo ƙofar gida sai ya tsaya, ya buga har gurbin, ya saurara. In ba amsa, ya matsa ƙofa ta gaba. Bai tambayi kowa ba. Ya dai san unguwar da mai neman marar yatsu zai nufa a Damagaram.

A bayansa Mushe Mahamud ne, yana ɗaukar hoto da waya. Sai Hadiza. Sai sauran ƙungiya. Sai Munira, mayafi a hanci, gorar ruwa a hammata.

Tsofaffin unguwa suna zaune a ƙofofinsu. Duk sun san wanda ke buga ƙwarya da dungu a lungun nan. Ba wanda ya nuna.

"Suna tare da shi," ta ce ƙasa-ƙasa. "Dukansu."

"Shiga ɗaki."

"Baba."

"Shiga ɗaki ki ja labule. In ya yi sallama zan ce masa ni Dodo ne, ɗan Zermu, ban san kowa a kudu ba. Su wuce. Ki koma aikinki gobe."

Ba ta shiga ba. Ba ta kuma matsa daga jikin ƙofar ba.

Gurmin ya tsaya a gidan makwabta. Shiru. Aka ji wata tsohuwa tana cewa, "Allah ya ba da sa'a, mai gurmi, ba mu da ko dala."

Takun ya matso. Ya tsaya. Tsakaninta da shi langa-langa ce kawai. Tana jin numfashinsa.

Ya fara.

Ba ta taɓa sanin kiɗan yana da tsawo haka ba. Abin da ubanta ke yi da baki ƙashinsa ne kawai, yau ga shi da tsoka. Ya hau, ya karkace. Ta damƙe hannuwanta biyu a ƙarƙashin mayafi, ta matse su a ciki.

Gurmin ya yanke.

Ta riƙe. Ba ta motsa ba.

Dum. Dum.

A bayanta ne.

Ta waiwaya. Tsohuwar ƙwaryar da ta koyi kiɗa a kanta tana kife a gindin rumfa, inda take tun tana yarinya. Dungun Dodo biyu suna kanta. Shi ma kallon su yake, kamar na wani.

A waje, yara ma sun yi tsit.

"Salamu alaikum," in ji Alkasum.

Ba a amsa ba.

"Yaya Idi."

Ƙofar ba ta da sakata. Mushe Mahamud ne ya tura ta da yatsa, ta buɗe da ƙara. Ya sauke wayar.

"Luba?"

Munira ta leƙo ta kafaɗarsa. Idonta ya sauka kan Lubabatu, ya wuce kan tsohon da ke rumfa, kan hannuwansa, kan cokalin da ke ɗaure da igiya. Ya dawo.

"Luba, ba gida kika ce za ki ba? Me kike yi a nan? Gidan wa ne?"

"Mai kawo mini sadaka ce," Dodo ya ce da sauri. "Baiwar Allah. Ba ta san ni ba."

Hanya ce ya buɗe mata, mai faɗi. Mushe Mahamud har ya fara gyaɗa kai.

Lubabatu ta fito da hannuwanta daga mayafi.

"Gida na ce, gida na zo. Nan aka haife ni. Wannan babana ne."

Munira ta ja baya taku ɗaya, ta gyara gorar a hammatarta. Hadiza ta dubi Munira, ba ta ja ba.

Alkasum bai ji ko ɗaya ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo, ya jingina gurmin da zana. Ya durƙusa a ƙasa, nesa kaɗan da tabarmar.

"Yaya Idi. Ni ne."

Dodo ya dube shi tun daga farin gemu har gwiwa.

"Na ji. Ka rage gudu a hawa na biyu. Tsufa ne?"

"Tsufa ne, Yaya."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ba ka ci nawa ba."

Kwanon shuɗi yana gaban Dodo, da rabin shinkafa da wake, da sawun cokalinsa a ciki. Alkasum ya dube shi. Lubabatu ta ga lokacin da ya gane kwanon.

Dodo ya miƙa ƙafarsa ta dama. Ya sa babban yatsa a gefen kwanon, ya tura. Kwanon ya ja ƙasa, ya bar layi a cikin rairayi, ya tsaya a gaban gwiwar ƙaninsa.

A bakin ƙofa, mutanen ƙasa biyu suna tsaye suna kallo.

"Bisimilla," in ji Dodo.